Jarinmu Yana Hannunmu

Iyayena malamai da ƴan uwana matasan Bengu.

Kun tuna 2019, da Najeriya ta rufe iyakarta, hanyar Kamba ta mutu. A 2023 kuma aka rufe gadar Gaya zuwa Malanville. Wa ya sha wuya? Mai tebur, ɗan kabu-kabu, da manomin da dankalinsa ya rasa mai saye. Banki kuwa sai da jingina, ga kuɗin ruwa da addini ya hana.

To, mu kafa adashi cikin ƙungiyar nan, ko jaka guda kowane sati. Wanda ya kwasa ya sayi injin niƙa, a shanya dankali, a mai da shi gari, ya jira kasuwa bai ruɓe ba.

Allah ya sa mana albarka.