Kifin Zinariya Mai Sake Riga

Duk baƙon da ya ratsa Jalan Masjid India, watau Titin Masallacin Indiyawa da ke tsakiyar Kwala Lampur, babban birnin Malesiya, zai tarar da kantunan yadi da na zinariya a jere. Wanda ya sayi awarwaro a nan ya san ko bayan shekara ashirin launinsa yana nan. Amma akwai wata zinariyar da mutanen birnin ke ajiyewa a gida cikin akwatunan gilashi, wadda ba ta riƙe wannan alkawari. Ita ce ɗan kifin adon nan da Malayawa ke kira ikan emas, watau kifin zinariya. Sau da yawa mutum yakan sayi baƙi, bayan 'yan watanni ya ga ya rikiɗe ya koma ja, sai ya zaci an yi masa algus.

Alhali kuwa babu laifin mai sayarwa. Asalin wannan kifi ruwan toka ne. Mutanen Sin ne suka yi ta zaɓen jajaye da rawaya suna kiwonsu fiye da shekara dubu, kana ya iso Turai a ƙarni na 17. Har yanzu kuwa, da yake kyan ɗa ya gaji ubansa, 'ya'yan kifin da duhun launin kakanninsu ake ƙyanƙyashe su, sai sun tasa jan yake bayyana.

A fatarsa akwai ƙwayoyi masu ɗauke da baƙi, da masu ja, da masu rawaya. Baƙin shi ne mai saurin gushewa, musamman a ruwa mai ɗumi, ga shi kuwa zafin Kwala Lampur da rana yakan kai digiri 32. Shi kuma jan daga abinci kifin ke samun sinadarinsa, domin jikinsa ba ya iya haɗa shi. In abinci ya gaza, ko aka ajiye shi a ɗaki mai duhu, sai ya koɗe. Tsufa ma yana da nasa rabo. Wani kifi mai suna Tish da ya mutu a Ingila a 1999 yana da shekara 43, ya riga ya koma launin azurfa, kamar dattijo mai furfura.

Sauyin da ya zo sannu a hankali, kifi yana ci yana iyo, ba abin damuwa ba ne. Abin tsoro shi ne baƙin tabo ya fito farat ɗaya a jela ko a fiffike. Galibi wannan shaidar ƙuna ce daga gubar amoniya, wadda kashin kifin da ragowar abinci ke tarawa a ruwa, kuma tana kisa. Maganinta a rage abinci, a kuma riƙa sake kashi ɗaya bisa huɗu na ruwan kowane mako, da ruwan da aka kawar wa kulorin.