Faifan Farko Na Bala Miller: Jawabin Da Aka Gabatar A Taron Tsofaffin Ɗalibai



An nemi in yi tsokaci kan wani abu daga tarihin garin nan namu na Kaduna, sai na zaɓi faifan garmaho guda ɗaya mai suna Pyramids, wanda ya fito a 1979. Shi ne faifan farko na ƙungiyar marigayi Bala Miller, wato Great Music Pyrameeds of Afrika.

Bala Miller ɗan asalin Zariya ne, an haife shi a Pankshin a 1928. Ya yi karatu a Legas, inda ya goge wajen kiɗan hailaif tare da irin su Victor Olaiya. A 1977, shekarar bikin FESTAC, ya ba da sanarwar neman makaɗa. Gwanaye sun zo, amma sai ya gwammace ya ɗebi samari ya koyar da su da kansa. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Da waɗannan yara ya riƙa cika Costain Club a nan Kaduna, kuma cikin shekara biyu suka kai ga fitar da faifai.

To me ke cikin faifan? Duk wanda ya saurari waƙar Ikon Allah zai ji abin da nake nufi. Ga jita, ga ganguna, ga kayan busa irin na 'yan badujala suna amsa wa juna kamar yadda 'yan amshi ke karɓa wa makaɗi. An gauraya hailaif da salon jaz da kiɗan baƙaƙen fatar Amurka, sannan aka ɗora Hausa tsantsa a kai, ta zauna daram. A wancan zamani da yawa na ganin Hausa sai kalangu da kukuma da kuntigi, kayan Turawa kuwa sai Turanci. Wannan faifai ya nuna ba haka ba ne. Daga baya shirinsa na talabijin a NTA ya shigar da shi gidaje ko'ina a ƙasar nan, kafin rasuwarsa a 2003.

Abin takaici, 'yan'uwa, shi ne da aka tashi sake buga faifan a 2016, wani kamfani ne na ƙasar Ostiriya mai suna PMG ya yi aikin. Baƙi sun san darajar abin da aka ƙera a ƙofar gidanmu, mu kuwa mun bar faya-fayanmu a ɗakin ajiya, ƙura da zafi suna cin su. Ku tambayi 'ya'yanku yau ko sun taɓa jin sunan mutumin.

Saboda haka ina da shawara biyu. Na farko, duk mai tsohon faifai ko kaset a gida ya kawo wa ƙungiya, a juye shi a kwamfuta, a ajiye a laburaren makaranta. Na biyu, cikin gudummawar bana a ware wani abu a sayi kayan kiɗa, a samo malamin da zai koya wa ƙannenmu. Bala Miller bai jira gwanaye ba, shi ya yi su.

Malamanmu, haka ku ma kuka yi mana. Allah ya saka muku da alheri, ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya.