Wa Muke Ba Amanar Sirrinmu? Jawabi Kan Zaɓen VPN Mai Sauƙin Kuɗi



Da yawanmu mun fara jin sunan VPN ne a watan Yunin 2021, lokacin da gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter a Najeriya. Jama'a suka yi ta sauke manhajar domin kewaye takunkumin, har zuwa Janairun 2022 da aka ɗage shi. To amma har yau tana nan a wayoyin wasunmu, ba mu san wanda ya ƙera ta ba, ba mu kuma san abin da take kwasa ba. Alhali a wayoyin nan ne muke ajiye sakamakon ɗalibai da lambobin iyayensu, a cikinsu kuma muke duba albashi.

Ga yadda take aiki. Idan ka shiga intanet, kamfanin layinka ko mai Wi-Fi ɗin da ka hau yana iya ganin sunayen shafukan da kake ziyarta. VPN tana kulle bayananka, ta bi da su ta babbar kwamfutar kamfaninta, sai mai layi ya daina gani. Sai dai abin da aka ɓoye masa, yanzu kamfanin VPN ne ke ganinsa. Wato amana ce ta sauya hannu. Idan sabon hannun maci amana ne, an gudu ba a tsira ba.

Wannan ba zargi ba ne kawai. A 2016 masana sun binciki manhajojin VPN 283 na wayoyin Android, suka tarar kashi 18 cikin ɗari ba sa ma kulle bayanan. Kamfanin Facebook kuma ya taɓa raba wata kyauta mai suna Onavo, wadda yake nazarin abin da mutane ke yi a wayoyinsu da ita, kafin ya rufe ta a 2019. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Wanda bai karɓi kuɗinka ba, ka tambayi inda yake samun nasa.

Na san halin albashin malami, kuma galibin kamfanonin nan da kuɗin waje suke sa farashi. Don haka kafin ka biya, yi tambayoyi huɗu.

Ta farko, shin kamfanin yana adana tarihin zirga-zirgarka? Kowa zai ce a'a, sai ka duba ko masu bincike daga waje sun tabbatar. A Afrilun 2023 'yan sandan Sweden sun je ofishin Mullvad da takardar izinin bincike, suka koma hannu rabbana, domin babu bayanan da za su ɗauka.

Ta biyu, wa ke da kamfanin, kuma dokar wace ƙasa ce ke kansa? Wanda ya ɓoye sunansa bai cancanci riƙe sirrinka ba.

Ta uku, nawa ne ainihin kuɗin? Wasu sukan karya farashi ga mai biyan shekara biyu, sannan su cire kuɗi mai tsoka daga katinka ranar sabuntawa. Fara da wata guda tukuna. Mullvad yuro 5 yake karɓa a wata. Proton VPN na ƙasar Suwizalan kuwa yana da tsarin kyauta na na'ura ɗaya, babu talla, domin masu biya ne ke ɗaukar nauyinsa.

Ta huɗu, na'urori nawa rajista ɗaya ke ɗauka? Idan ta isa maigida da uwargida da yara, kuɗin ya ragu.

Kada kuma mu ɗora wa VPN abin da ba ta iyawa. Ba ta hana ɗan damfara yaudararka ka karanta masa lambar sirrin da banki ya turo maka. Wasu manhajojin banki ma sukan ƙi buɗewa idan suka ga kamar kana ƙasar waje. Wanda kuma ba ya hawa Wi-Fi ɗin jama'a, wataƙila bai buƙace ta kullum ba.

Roƙona shi ne, kafin mu kwanta yau, kowa ya duba wayarsa da ta iyalinsa. Duk VPN ɗin da ba ka san mai ita ba, goge ta.