KALULUWAR DA BA TA BAJEWA: A KAI ASIBITI, KADA A YI SAKIYA

Ku ba ni aron kunnuwanku.

Duk kun san kaluluwa. In mutum ya ji ciwo a ƙafa takan fito a matsematsi, ciwo na warkewa ta baje. Amma akwai wadda ba ta zafi, ba ta bajewa, sai girma take yi a wuya, ko hammata, ko matsematsi. Tana iya zama sankarar kaluluwa, wadda likitoci ke kira limfoma. Tana kama maigida, tana kama uwa, tana kama yaro.

Ku lura da waɗannan alamu:
1. Kumburin da ya wuce mako 2 yana ƙaruwa.
2. Zazzaɓin da ya ƙi jin magani.
3. Zufa da dare har ta jiƙa zane.
4. Rama ba dalili.

Akwai wata mai saurin gaske da Likita Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958. Ta fi kama yara a muƙamuƙi ko ciki, musamman inda zazzaɓin cizon sauro ya yi yawa. Manya ma ba ta bar su ba.

Ba sammu ba ne, kuma ba a ɗauka wajen cin abinci tare. Kada wanzami ya yi sakiya ko tsaga. Mutanen Gwaram da Birnin Kudu, ku fara da asibiti mafi kusa. Za a tura ku Asibitin Tarayya na Birnin Kudu, in ta kama har Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Tarin fuka ma yakan kawo kaluluwa, saboda haka sai an ɗebi ɗan nama an auna kafin a tabbatar.

Maganinta mai ƙarfi ne, ta jijiya ake ba da shi cikin ƙarin ruwa. Yawancin manya ana yi musu duk bayan kwana 21, har sau 6. Mai saurin nan kuwa sai an kwantar da majiyyaci. Ko cutar ta bazu a jiki, da yawa sun warke.

Gashi zai zube, amma zai sake fitowa. Za a yi amai da gyambon baki. Ƙarfin jini na yaƙi da cuta zai ragu, don haka a wanke hannu, a tafasa ruwan sha, a kwana cikin gidan sauro. In zazzaɓi ya taso, a garzaya asibiti ko da tsakar dare ne. Mai ciki ko mai shayarwa ta gaya wa likita tun kafin a fara.

Babban abu: kumburi kan narke tun daga farko, amma cutar tana nan. Wanda ya tsaya a tsakiya, takan dawo masa ta fi da wuyar magani. A cika adadin da likita ya faɗa.

Ku isar wa mazanku da maƙwabta. Allah ya ba mu lafiya, amin.