Idan An Yi Rasuwa A Sansani: Jawabin Liman Ga Magidanta

Jama'a, wata magana ce ke damuna. Na ga gidan da aka sayar da hatsin tallafi na wata guda don a yi sadakar uku, yara suka kwana da yunwa. Addini bai ɗora wa kowa wannan ba. Lokacin da Ja'afar ya yi shahada, Manzon Allah (SAW) umarni ya yi a dafa wa iyalinsa abinci, ba su za su ciyar da mutane ba.

Abin da ya wajaba kaɗan ne: wanka, likkafani, salla da kabari. Farin ƙyalle guda mai rufe jiki duka ya wadatar. Samarinmu na haƙa kabari kyauta. Don kuɗin likkafani, ina roƙon kowane gida ya riƙa ajiye dala 20 a wata hannun kwamitin unguwa.

In zawo da amai ne suka yi ajali, kada ku taɓa gawa, ku kira ma'aikatan lafiya tukuna.

Bayan jana'iza, ku sanar da ofishin HCR, ku karɓo takardar shaidar rasuwa a ma'aikatar magajin gari. Matar mamaci da marayu za su buƙace ta wajen gado ranar da muka koma gida. Allah ya jiƙan magabatanmu.