Amfani da Tsirrai Wajen Tsabtace Ƙasar da Sinadarai Suka Gurɓata

Tsiro yana shan ruwa da abincinsa ta saiwa, kuma tare da su yakan zuƙo ƙarafan da suka narke a danshin ƙasa. A kan wannan ɗabi'a aka gina dabarar tsabtace gurɓatacciyar ƙasa da shuka. Yawancin tsirrai kan bushe idan guba ta yi yawa, amma akwai 'yan kaɗan da ke tara ta a kara da ganye ba tare da sun yi yaushi ba. A 2001 masu bincike a Jami'ar Florida ta Amurka suka bayyana cewa tsiron Pteris vittata yana tara sinadarin arsenik fiye da kima. Ana shuka irin waɗannan, a yanke, a kwashe, a sake shukawa, har gubar ta ragu.

Wasu tsirran kuwa ɗaure gubar suke yi inda take. Ciyawar jema ta Indiya, 'yar'uwar jemar da aka sani a fadamun ƙasar Hausa, tana tura saiwa har mita 3, ta riƙe ƙasa gam, iska da zaizaya su kasa kai gubar gidaje da rafuka.

Sauƙin kuɗi ne babban alfanun dabarar, jinkiri kuma ne aibinta, domin aikin yakan ci shekaru, kuma ba ya wuce inda saiwa ta tsaya. Gubar dalmar da ta ɓulla a Zamfara a 2010, wadda ta kashe yara kusan 400 a yankunan Anka da Bukkuyum, ba ta da lokacin jiran shuka. Dalma tana manne wa ƙasa, tsiro ba ya jan ta sosai. Shi ya sa a ƙauyukan Dareta da Bagega aka kankare saman ƙasar gidaje, aka zuba sabuwa. Wannan shi ne daidai.

Inda dabarar ta fi dacewa shi ne filayen da gurɓatarsu ba ta yi tsanani ba amma tana da faɗi, kamar fadamun da ke shan ruwan masana'antun fata na Challawa da Sharaɗa a Kano, ruwan da ke ɗauke da kiromiyom.

A nan ne kuma haɗarin yake. Rama tana cikin tsirran da aka gwada aka ga tana jan kadmiyom, ita ce kuma ake kwaɗawa a ci. A wurin da ba a barin ganye ya lalace, wanda mutum bai ci ba akuya ta ci, gubar da aka ciro daga ƙasa za ta koma cikin miya da nono. Wajibi ne a killace filin, a sanar da manoma da makiyaya ta hannun masu unguwanni, a ƙone girbin a keɓaɓɓen wuri, a binne tokar cikin rami mai kariya. Duk shirin da bai tanadi kuɗin wannan mataki ba, bai kamata hukuma ta amince da shi ba.