Ruwan Dutsen Kagoro Da Abincin Mutanen Gindinsa

Jawabin da aka yi wa 'yan Arewa mazauna Agege, Ikko



A nan Ikko ruwa ya kewaye mu, amma a jarka muke sayensa wurin 'yan garuwa. A Kagoro kuwa, can ƙaramar hukumar Kaura a kudancin Jihar Kaduna, ruwa daga bisa yake saukowa. Garin yana gindin duwatsun da suka dangana da tsaunukan Jos, hadarin da ya taso daga kudu yakan ci karo da su ya sauke kayansa. Shi ya sa damina takan kama tun watan Afrilu, ba ta ɗaukewa sai Oktoba, alhali manomin Katsina yana zuba ido har Yuni. Ko ruwan Matsirga, mai zubowa daga kan fa kusa da Kafanchan, daga maɓuɓɓugan duwatsun nan ya samo asali.

Da damina ana noma acca da dawa da gwaza da doya, sannan ga citta, wadda ita ce kuɗin makaranta da na aure a ƙasar duka. To, a daminar 1923 ba mu ji labari ba, amma a ta 2023 kowa ya gani: cuta ta faɗa wa citta a kudancin Kaduna, ta ruɓe a cikin ƙasa, wanda ya jingina da ita kaɗai ya tashi hannu rabbana.

Wa ya tsira? Mai fadama. Haƙiƙa nan maganar take. Ruwan da dutse ya sha da damina yakan riƙa tsattsafowa cikin rafuka har bayan bikin Afan na 1 ga Janairu. Wanda Allah Ya ba ɗan fegi a bakin rafi, sai ya sa rake da tumatir da barkono da alayyafo, ya kai kasuwar Kafanchan. Wanda ba shi da shi, sai ci-rani, kuma ba sai na faɗa muku inda ci-rani yake kai mutum ba, ga mu nan zaune. Rafin nan dai shi ne mashayar shanun makiyayi, nan mata ke ɗiba su yi wanki. In ya janye, tafiyar mace ta yi nisa, saniya ta matso lambu, tsofaffi su kwana sasanci. Masu sare itatuwan kan dutse don gawayi kuwa, su ke gaggauta janyewarsa.

Saboda haka ina roƙonku, kuɗin da kuke aikawa gida, kada ya ƙare a rufin kwano. Mutum biyar su haɗa hannu su sayi injin ban-ruwa ɗaya da tiyo, su danƙa wa ƙannensu kafin kaka ta wuce, a kuma rubuta wanda zai riƙa zuba masa mai.

Allah Ya kai mu gida lafiya.